JAƁA BA ƁERA BA CE: YADDA AKE GANE ƘANANAN DABBOBI DA SUNAYENSU



Darasinmu na yau ya shafi ƙananan dabbobin nan da muke kwana da su a gida, muke karo da su a gona, amma in aka ce mu kira sunan kowacce sai mu tsaya a kan kalma ɗaya: ɓera. Duk abin da ya gilma da gudu a gindin bango ɓera ne. Mai tsinin baki ɓera, mai kumatu ɓera, mai tashi sama ma wasu cewa suke ɓera ne ya yi fiffike. Alhali Bahaushe ya ba kowacce sunanta, kuma sai da ya ƙare mata kallo kafin ya raɗa mata. Shi ne fa ya ce kama da wane ba ta wane.

Maganar ta wuce ta cin jarrabawa. Wanda bai iya bambanta jaɓa da ɓera ba, sai ya ɓata dare yana farautar mai cinye masa kyankyasai, ya bar mai yi masa fitsari a garin tuwo. Haka mai fassara, in bai san dabbar ba sai ya ɗora mata sunan wata, masu karatu su tafi da kuskuren.

WURARE HUƊU DA ZA KU KALLA

Launi yana ruɗi, girma ma haka, domin ɗan gafiya da babban ɓera kansu ɗaya. Saboda haka in kun ga ƙaramar dabba, ku duba waɗannan:

1. Baki: mai tsini ne, ko dunƙulalle?
2. Haƙora: na gwaigwaya ne, ko masu tsini irin na zarto?
3. Ƙafar gaba: yatsu nawa, kuma wane aiki take yi?
4. Wutsiya: tsirara ce, ko mai gashi? Doguwa ko gajera?

Gargaɗi tun yanzu: kallo muka ce, ba taɓawa ba. Ko matacciya ce, a juya ta da kara, a binne, a wanke hannu da sabulu.

1. JAƁA

Babbar alamar jaɓa bakinta. Dogo ne mai tsini, ya zarce haɓarta sosai, kuma kullum cikin motsi yake tana shinshine-shinshine. Idanunta 'yan mitsi-mitsi ne, sai ka lura za ka gan su. Kunnuwanta gajeru ne, ba su yi fatan-fatan kamar na ɓera ba. Gashinta gajere ne mai laushi, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Wutsiyarta tana da kauri a gindi, ta tafi tana sirancewa, da wasu dogayen gasu jefi-jefi a jikinta. Wadda ta fi shiga gidajenmu, tsawon jikinta ban da wutsiya yakan kai santimita 11 zuwa 14.

A ƙafar gaba jaɓa yatsu biyar gare ta masu farce. Ɓera kuwa huɗu za ka ƙirga, na biyar ɗin ɗan kututture ne kawai.

Haƙoranta farare ne masu tsini, a jere ba giɓi. Ba na gwaigwayar hatsi ba ne, na kama abu mai rai ne. Abincinta kyankyaso, gyare, fara, gara, tana da makamantansu. Jikinta yana ƙona abinci da sauri, don haka ba ta jure yunwa, kullum cikin nema take. Wato in ka ga buhun masararka a huje, ba aikinta ba ne.

Warin nan da aka san ta da shi yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙulluttai da ke gefen jikinta, hagu da dama. Shi ya sa sau da yawa mage takan kashe ta amma ta bar ta a nan ba ta ci ba. Wata alamar kuma ita ce tsuwwarta mai kaifi in ta firgita. In kuwa ka taɓa ganin uwa tana tafe, 'ya'ya sun yi jerin gwano a bayanta, kowanne ya kama gindin na gabansa da baki, to jaɓa ce, ɓera ba ya haka.

A cikin danginta akwai wata 'yar ƙarama da ake samu a kudancin Turai da arewacin Afirka da sassan Asiya, nauyinta bai fi giram 2 ba. Tana cikin mafi ƙanƙantar dabbobi masu shayarwa a duniya.

2. ƁERA KO KUSU

Ɓera da kusu abu ɗaya ne, bambancin na karin harshe ne. A Kano an fi jin ɓera, a Sakkwato da ƙasar Nijar an fi jin kusu. Shi ya sa za ka ji wani ya ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari", wani kuma ya sa kusu a wurin.

Bakin ɓera bai kai na jaɓa tsini ba. Idanunsa manya ne, baƙaƙe, a waje. Kunnuwansa a buɗe suke. Amma hujjar da ba ta ƙarya ita ce haƙori: biyu a sama, biyu a ƙasa, masu faɗin baki kamar kurfi, galibi ruwan ɗorawa a fuskarsu. Bayansu sai giɓi, ba fiƙa, sannan matauna can ciki. Waɗannan haƙoran gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya riƙa gwaigwayar abu don su goge. Dalilin da ya sa yake cin ƙofa da waya da littafi ke nan, ba wai don yana jin daɗinsu ba. Duk dabbar da kuka gani da irin wannan haƙori, masana kimiyya sun sa ta a gida ɗaya. Mu kira su masu gwaigwaya.

Iri biyu ya kamata ku sani a cikin gida.

Na farko ɓeran rufi. Wutsiyarsa tsirara ce, kuma ta fi jikinsa tsawo. Gwanin hawa ne, shi ne mai guje-guje a cikin silin da dare.

Na biyu ɓera mai nonuwa da yawa. Bai kai na rufi girma ba. Bayansa ruwan toka ne da ya surka da ruwan ƙasa, cikinsa ya fi haske, wutsiyarsa kuma kusan tsawonta ɗaya da jikinsa. Macen tana iya samun nonuwa har 24 a layi biyu, alhali ta ɓeran rufi ba ta wuce 10 zuwa 12. Wannan shi ne aka fi sani da ɗaukar ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo sunanta daga garin Lassa na Jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969. Tana shiga jikin mutum ta abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa, kuma ta fi ƙamari da rani.

Kun ga inda maganar ta nufa. Jaɓa tana da wari da muni, amma ba ita aka sani da wannan cuta ba. Mai kyan idon nan da ke leƙowa daga bayan buhu shi ne abin tsoro. Tun da ɗan ɓeran rufi da wannan suna kama a ido, kada ku tsaya tantancewa: kowane ɓera ne, a rufe abinci, a toshe rami, a daina shanya hatsi a ƙasa a bar shi ya kwana.

3. GAFIYA, GYAZBI DA KUREGE

Waɗannan ukun duk masu gwaigwaya ne, wato dangin ɓera. Wutsiya kaɗai ta isa ta raba maka su.

Gafiya: doguwar wutsiya tsirara, rabin farko mai duhu, rabin ƙarshe fari kamar an tsoma a farar ƙasa. Nauyinta yakan kai kilo 1 zuwa 1 da rabi. Tana da jaka a cikin kowane kunci, inda take cusa gyaɗa ko ƙwallon dabino ta kai rami. Da ka san wannan, karin maganar nan ta "gafiya, tsira da na bakinki" za ta ƙara fito maka, domin ita dukiyarta a baki take ɗauke da ita. Ƙaton namijin shi ake kira burgu. Hancinta yana da ƙarfi ƙwarai. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da irin waɗannan gafiyoyi su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, su kuma gano tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya.

Gyazbi: gajeriyar wutsiya, dunƙulallen baki, ƙananan kunnuwa, jiki a cure. Gashinsa kaushi gare shi kamar tsintsiya. Yakan kai kilo 3 zuwa 5, wani ma ya fi. Mazauninsa fadama da bakin rafi, abincinsa ciyawa da rake da karan dawa. A Ghana da kudancin Nijeriya har kiwonsa ake yi don nama.

Kurege: wutsiya buzu-buzu, da farin layi ɗaya a kowane gefen jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu. Da rana yake yawo, yakan miƙe a kan ƙafafun baya ya duba hanya, in ya ga mutum ya faɗa rami. Manoman gyaɗa sun san shi farin sani.

Zomo fa? Yana da haƙoran gwaigwaya, amma a sama huɗu ne, ƙanana biyu suna ɓoye a bayan manyan. Wannan ya fitar da shi daga gidan ɓera, gidansa daban.

4. BUSHIYA DA BEGUWA

Ga wasu biyu da ɗalibai ke yawan haɗawa, don kowacce tana da ƙaya.

Bushiya ƙarama ce, za ta zauna a tafin hannu biyu. Ƙayoyinta gajeru ne, ba su wuce santimita 2 ba. Cikinta fari ne mai laushi, fuskarta mai tsini, ƙafarta ta baya yatsu huɗu. In ta tsorata sai ta dunƙule ta zama ƙwallo. Abincinta ƙwari.

Beguwa babba ce, takan haura kilo 10. Ƙayoyinta dogaye ne masu ratsin baƙi da fari, wasu sukan kai santimita 30. Tana da tukkun dogon gashi daga ka zuwa wuya. Ba ta dunƙulewa. In an matsa mata sai ta miƙar da ƙayoyin, ta karkaɗa su, ta yo baya-baya kan abokin gaba. Cewar da ake yi tana harba ƙaya kamar kibiya ba haka ba ne, ƙayar ce ba ta da wuyar tugewa, da ta soki abu sai ta maƙale a can. Abincinta saiwa, rogo, dankali da ɓawon itace.

To a nan ne haƙori ke yin alƙalanci. Buɗe bakin bushiya, haƙora masu tsini za ka gani irin na jaɓa. Buɗe na beguwa, manyan haƙoran gwaigwaya ne irin na ɓera. Ashe bushiya 'yar uwar jaɓa ce, beguwa kuma 'yar uwar ɓera. Ƙaya ce ta haɗa su a ido, amma ba gidansu ɗaya ba.

5. DABBAR DA BA MU DA ITA

Masu fassara, wannan sashen naku ne. A littattafan Turanci na yara da na kimiyya kuna haɗuwa da wata dabba da ake rubuta sunanta mole, ana furta shi mol. Wasu sukan fassara ta da jaɓa, wasu ɓera, wasu gafiya. Duk ba ita ba ce.

Mol dabbar Turai ce da Asiya da Amurka ta Arewa. Ba ta a ƙasar Hausa, shi ya sa Bahaushe bai raɗa mata suna ba. Ta Turai tsawonta santimita 11 zuwa 16. Jikinta mulmulalle ne kamar ba wuya, gashinta baƙi mai santsi kamar karan-miski. Idanunta sun ɓuya a cikin gashi, kunne kuma ba ya fitowa waje. Babbar alamarta hannuwan gaba: faffaɗa ne kamar shebur, tafinsu yana kallon waje, da manyan farata. Da su take haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, tana turo ƙasar sama tsibi-tsibi a cikin lambu. Abincinta tana. Dangin jaɓa ce da bushiya, amma jaɓa ƙafafunta sirara ne na gudu a bisa ƙasa, ba na haƙa ba.

Akwai wata dabbar da ke irin wannan rayuwa a tsaunukan Jos, wajen Panyam, da wata 'yar uwarta a Ghana. Ita ma ƙananan idanu gare ta, tana zaune a ƙarƙashin ƙasa, tana turo tsibin ƙasa. Sai dai ita da haƙori take haƙa, manyan haƙoran gaba da suka fito waje ko bakinta a rufe yake, kuma saiwa take ci. Kun riga kun san hukuncin: mai gwaigwaya ce, ɓeran ƙarƙashin ƙasa ke nan.

To yaya za a fassara? Hanya mafi aminci ita ce a ari kalmar a rubuta ta da Hausa, a yi mata bayani a karon farko: "mol, wata ƙaramar dabbar Turai mai zama a ƙarƙashin ƙasa". Daga nan sai a ci gaba da cewa mol. Haka muke yi wa kangaru, ba wanda ya ce a kira shi zomo don yana tsalle. Ku kuma kula da muhallin da kalmar ta fito, domin a Turanci tana nufin tawadar Allah da ke jikin mutum, tana nufin ɗan leƙen asirin da aka dasa a cikin wata ƙungiya, kuma ma'auni ce a darasin kemistiri. Jimla ce za ta nuna maka wacce ake nufi.

6. JEMAGE

Jemage ba tsuntsu ba ne, ba kuma ɓera ba ne. Gashi gare shi irin na dabba, yana da kunne a waje, yana da haƙora, ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi, galibi ɗa ɗaya, uwar ta shayar da shi nono. Fiffikensa hannu ne: yatsu huɗu ne suka yi tsawo, fata ta lulluɓe tsakaninsu har zuwa ƙafa, babban yatsa kuma ya rage a waje da farcensa. Shi kaɗai ne mai shayarwa da ke tashi sama da ƙarfin fiffikensa. Irinsa sun haura 1,400 a duniya, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan nau'o'in dabbobi masu shayarwa. Wani abin mamaki, masana sun nuna ya fi kusa da jaɓa a dangantaka bisa ga ɓera.

Namu na nan kashi biyu ne, kuma fuska ce ke raba su.

Masu cin 'ya'yan itace: manya ne, fuskarsu kamar ta ɗan kwikwiyo, da dogon baki, manyan idanu da ƙananan kunnuwa. Wutsiya 'yar guntuwa ce, wasu ma kamar babu. A fili suke rataya a rassan itatuwa. Mafi shahara shi ne mai wuya ruwan ɗorawa, wanda faɗin fukafukansa ke kai kusan santimita 80. Su ne ke cika itatuwa a tsakiyar Accra da Kumasi da Ile-Ife, kuma miliyoyinsu kan taru a gandun dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba. Akwai wani matsakaici mai ruwan ƙasa, da ɗan farin gashi a gindin kowane kunne, namijin kuma da farin tukku a kafaɗa. Shi ne mai kukan nan guda-guda kamar ana buga ƙarfe a bishiyar mangwaro da dare.

Masu cin ƙwari: ƙanana ne, idanu ƙanana, kunnuwa manya, wasu da fata mai ninki a kan hanci. Suna kwana a rufin kwano, tsohuwar rijiya, kogon dutse ko kogon kuka. A cikinsu akwai mai leɓe a tattare wanda wutsiyarsa ta zarce fatar baya kamar ta ɓera, shi ne ya fi cika rufin azuzuwa. Akwai kuma mai ciki ruwan ɗorawa. Da amsa-kuwwa suke farauta: su fitar da sauti mai kaifin da kunnenmu ba ya ji, sautin ya bugi ƙwaro ya dawo, su gane inda yake.

Abubuwa uku da ake faɗa a kan jemage suna buƙatar gyara. Na ɗaya, wai makaho ne. Yana gani, manyan ma ganinsu na dare ya fi namu nesa ba kusa ba. Na biyu, wai ta baki yake kashi. Abin da ke faruwa shi ne yakan tauna ɗan itace, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar, ita ce ake gani a gindin bishiya. In zai yi kashi juyowa yake ya rataya da manyan yatsunsa. Na uku, wai yana shan jini. Masu shan jini iri uku ne kacal, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa kudu.

Amfaninsa kuwa har cikin tukunyarmu. Furen kuka da na ɗorawa da na rimi da dare suke buɗewa, jemagu na cikin manyan masu kai musu barbara. In babu 'ya'yan ɗorawa babu kalwa, in babu kalwa ina daddawa? Duk da haka ba abin wasa ba ne. A 1956 an gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin babban jemagen nan a Legas. Yara su daina ɗaukar wanda ya faɗo, wanda kuma jemage ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya tafi asibiti.

7. ƁANGAREN NAHAWU

Jinsi. A Hausa kowace dabba tana da jinsin da nahawu ya ba sunanta, ko da wadda ke gabanka mace ce ko namiji.

Mata: jaɓa ce, gafiya ce, bushiya ce, beguwa ce.
Maza: kusu ne, jemage ne, kurege ne, gyazbi ne, zomo ne, ɓera ne.

Ku lura da na ƙarshen. Yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, amma ɓera yana cikin waɗanda suka saɓa, kamar gida da ruwa da suna. Don haka:

Kuskure: Ɓerar ta shiga rami.
Daidai: Ɓeran ya shiga rami.
Kuskure: Jaɓan nan ya cika wari.
Daidai: Jaɓar nan ta cika wari.

Haka mahaɗi yake bi: ɓeran gida, jemagen dare, amma gafiyar daji, bushiyar gona. In ana son fayyace halitta sai a ƙara kalma: macen jemage, namijin jaɓa.

Jam'i. Ɓera, ɓeraye, kamar zomo, zomaye da kifi, kifaye. Gafiya, gafiyoyi, kamar bushiya, bushiyoyi. Jemage, jemagu. Kusu kuwa jam'insa kusa, da jan wasali. A rubutu ya yi daidai da kusa kishiyar nesa, kuma ƙugiya ce kawai ta raba shi da ƙusa ta kafinta. Gwada karanta wannan da babbar murya: "Kusa sun zo kusa da ƙusa."

Ƙugiya. Wannan ba ado ba ce. Jaɓa da "ɓ" dabba ce. Jaba da "b" kuwa sunan ƙaramar hukuma ne a Jihar Kaduna mai hedikwata a Kwoi, kuma sunan da Hausawa ke kiran al'ummar Ham da shi. Wanda ya yi sakaci ya bar ƙugiya a nan zai iya ɓata wa mutane rai bai sani ba. In wayarka ba ta da waɗannan haruffa, ka saukar da allon rubutu na Hausa, kyauta ne.

A TAƘAICE

Baki mai tsini, ƙananan idanu, wari: jaɓa.
Manyan idanu, haƙoran gwaigwaya, wutsiya tsirara: ɓera.
Jaka a kunci, farin ƙarshen wutsiya: gafiya.
Gajeriyar wutsiya, gashi mai kaushi: gyazbi.
Wutsiya buzu-buzu, farin layi a gefe: kurege.
Gajerun ƙayoyi, tana dunƙulewa: bushiya.
Dogayen ƙayoyi masu ratsi: beguwa.
Hannu kamar shebur, ba ta a ƙasarmu: mol.
Fiffiken fata, fuskar kwikwiyo: jemage mai cin 'ya'yan itace.
Fiffiken fata, manyan kunnuwa: jemage mai cin ƙwari.

JINGA

1. Gyara waɗannan jimloli: "Bushiyan ya dunƙule." "Jemagen ta tashi." "Ɓerar gidanmu ta mutu."
2. Kawo karin magana ɗaya a kan ɓera da ɗaya a kan zomo, ban da waɗanda suka zo a darasin, ka faɗi wace siffa ko ɗabi'ar dabbar aka kalla.
3. Siffanta tunku ko bodari ko rema a jimla uku, ta hanyar bin wurare huɗun nan: baki, haƙori, ƙafa, wutsiya.
4. A garinku wane irin jemage ake kira birbiri, babba ko ƙarami? Kuma da wane suna kuke kiran gyazbi da beguwa? A faɗi sunan garin tare da amsa, don mu ga yadda karin harshe ya rarrabu.

Kafin ku amsa ta huɗu, ku tambayi tsofaffi da mafarauta da manoma, a bakinsu waɗannan sunaye suke da rai. Sai mun ga amsoshinku. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.